Tsohon Daji Ya Tafi Kumasi

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Lahadi, a ɗakina na unguwar Selly Oak a Ingila, na kunna kaset don in saurari tsohon daji, sai na ji muryar Goggo: "Salamu alaikum Hajiya, sanyi zai kashe mu."

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina rubutu a kan harshen Kubu, yaren wasu mutanen dajin Sumatra da ba sa zama wuri ɗaya. Malamina ya ara mini kaset ɗin da ya ɗauko da hannunsa, ya ce babu wani kwafi, ya miƙo mini kamar jariri. A ciki wani tsoho yana bayanin yadda suke tashi su bar wuri in an yi mutuwa. Har tarinsa na haddace.

Na je da kaset ɗin hutun ƙarshen mako gidan Goggo a Levenshulme. Ita kuwa ba ta rubuta wasiƙa, kaset take cikawa ta aika wa kakata a Kumasi. Ba ta kuma yarda tana bukatar tabarau ba, shi ya sa ta aika da nawa ta bar mini nata.

Nan take na kira ta.

"Ai Alhajin da na ba saƙon ya tashi tun safe," in ji ta. "Ke da ko baƙi ba kya iya gaisarwa, kin je kina koyon yaren masu gudun mutane. Kin samu dangi."

Na shiga ɓuya. In na hango malamin, sai in faɗa banɗaki. Ya tambaye ni yadda tsohon yake, na ce yana nan lafiya, wanda dai ban tabbatar ba.

Da ƙyar na sayi katin waya na kira shagon maƙwabcin kakata, aka je aka taho da ita. Muka gaisa har katin ya kusa ƙarewa.

"Hajiya, kaset ɗin nan na makaranta ne. Yaushe za a dawo mini da shi?"

"Na mai tari? Kullum bayan la'asar nake kunna shi."

"Amma ai ba kya jin abin da yake faɗa."

"Uwata, tunda kuka tafi Ingila, shi kaɗai ya yi mini hira bai yi kukan sanyi ba. Ki gaya wa malamin naku ya zo ya karɓa da kansa, ya taho wa bawan Allah da maganin tari."