Mai Rubuta Lamba a Tashar Mafara

A tashar Talata Mafara ina jiran motar Maradun ta tashi, na kasa zama wuri ɗaya. Kowa so yake a ratsa dajin da sauran rana.

Wani dattijo siriri mai farin gemu na durƙushe a gefen motar, sanye da koɗaɗɗiyar rigar ma'aikatan jirgin ƙasa. Yana wanke ƙofa da soso, yana gogewa da tsumma, yana shafawa da tafin hannu ko da sauran datti. Sannan ya tsoma buroshi cikin farin fenti, yana sabunta lambar motar da ta kusa shafewa. Yana yawan waiwayen hanya, amma hannun ba ya karkacewa.

"Baba Yakubu, bar ta haka nan, rana na tafiya!" in ji direba.

"Haba Murtala. Shekara ashirin ina wanke taragun jirgi a Ƙauran Namoda ina rubuta musu lamba, ban taɓa sallamar tarago da rabin lamba ba."

Ina jin aikin ne ya ƙare masa ya dawo gida, hannun kuma ya ƙi yarda.

"To wa ke duba lamba, Baba?" in ji direban.

Dattijon bai ɗago ba. "In wagga mota ba ta isa Maradun ba, da mi za a yi cigiyarku?"

Duk muka tsaya muna kallo har ya haɗe bakin sifilin ƙarshe.