Inda Makara Ba Ta Juyawa

A shekarun da kuɗin fetur suka yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba su, an gina wasu gidaje jere-jere a gefen Tudun Wada don ƙananan ma'aikata da marasa ƙarfi. Ina koyarwa a firamare a lokacin, na kuwa taki sa'a sunana ya fito. Ɗaki biyu ne da falo, bulo da siminti, rufin kwano, da farin fenti mai kashe ido da rana. Muka tare muna hura hanci, kai ka ce mu muka haƙo man. Ban san wanda ya zana gidajen ba, amma ko rantsuwa na yi ba zan yi kaffara ba, bai taɓa kwana a gidan Bahaushe ba. Ba zaure, ba tsakar gida, ba ƙofar baya. Ƙofa ɗaya ce tak, in ka shiga sai wani siririn lungu, ka yi taku uku ya karye dama, sannan ka iske falo da ɗakuna. Tagogi kuma duk an dasa musu ƙarafa saboda ɓarayi, ko da yake ban ga abin da ɓarawo zai ɗauka a gidan malamin firamare ba.

Na ɗauko mahaifina daga cikin birni ya zauna da mu, don ƙafafunsa sun fara gazawa, kuma Inna ta riga ta rasu. Baba mai wankan gawa ne. Fiye da shekara arba'in, duk namijin da ya mutu a unguwarsu shi ake kira, ko da ruwa ko da rana, bai kuma taɓa karɓar ko goro a kai ba. Ran da na shigo da shi, ina jira ya yaba fenti ko ya taɓa makunnin lantarki, sai ya tsaya a lungun nan. Ya gicciya sandarsa daga bango zuwa bango, ya matsa inda lungun ya karye ya sake gwadawa.

Ya ce, “Nan makara ba za ta juya ba.”

Na ce, “Haba Baba, yau fa muka tare. Allah ya ja da ranka.”

Ya ce, “Amin. Amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Na wanke attajirai, na wanke 'yan dako, ba wanda na yarda aka fitar da shi daga gidansa a karkace. Mutum a kwance yake fita, a kan kafaɗun mutane. Ka sa a fasa mana ƙofa ta baya, mai faɗi.”

Wannan ce kaɗai buƙatar da Baba ya taɓa kawo mini tunda na fara ɗaukar albashi. Sai dai akwai takardar da na sa wa hannu kafin a ba ni makulli, wadda ta ce duk wanda ya taɓa ginin, ko da ƙusa ce, zai bar gidan. Ina tsoron takardar nan fiye da yadda nake tsoron ɓacin ran ubana, gara in faɗa tun yanzu. Na ce masa zan nemi izini.

Ana nan sai wani jami'i ya zo daga Kaduna cikin farar mota, ya tara mu a filin da ke tsakiyar gidajen. Ya ce gwamnati ta ware tallafi ga kowace unguwa irin tamu, mu zaɓi aiki ɗaya da zai amfani kowa, mu da kanmu, ita kuma ta biya. Mu dai kafa kwamiti mu cike fom. Aka naɗa ni sakatare saboda rubutuna yana da kyau. Shugabanci kuwa ya faɗa hannun wani Alhaji ɗan kwangila, wanda yake da gidaje a gari, amma ko ta yaya ya samu ɗaya a cikin na marasa ƙarfi, Allah masani. Bai daɗe da dawowa daga Makka ba, kuma tun da ya dawo yake dariya ko ba a faɗi abin dariya ba, don a ga haƙorin Makkan da ya sa.

Ni kam na ce abin nema ya samu. In ƙofar baya ta zama aikin tallafi, izini ya zo ke nan tare da bulo da magina, kuma kowane gida zai samu. Na yi shawara da maƙwabciyata, wata ma'aikaciyar jinya Kirista 'yar Wusasa, muna ce mata Sista. Ta ce ita ma abin yana ci mata rai, don sai da aka ɗora wata mai naƙuda a kujera aka yi ta kokawa da lungun nan kafin a kai ta mota. Ta ce, “Malam, ka faɗa a taro, ina bayanka.” Na koma na yi wa Baba albishir. Ranar ya cinye tuwonsa tas.

Ranar taron aka jera benci a ƙarƙashin darbejiya, jami'in ya zauna a kujera da fom a cinyarsa. Maza sun sha manyan riguna sai ka ce ɗaurin aure. Alhaji ya miƙe ya fara ba da labarin abin da ya gani a Jidda: wani kwarmi na siminti, a tsakiyarsa famfo yana fesa ruwa sama, mutane suna zagayawa suna shan iska. Ya ce in muka yi irinsa, har daga unguwannin Hanwa da Kwangila za a riƙa zuwa kallo. A unguwar da famfon gida sai ya ga dama yake kawo ruwa, matanmu kuma suna saye a wurin 'yan garuwa! Amma ka ga kawuna suna gyaɗawa kamar na ƙadangaru. Mutanen da jiya-jiya suke haya a ɗaki ɗaya a Sabon Gari, yau sun zama masu buƙatar wurin shan iska.

Na miƙe na yi bayanin ƙofa. Na fara da marar lafiya, na bi da gobara, sannan na ce ko mutuwa aka yi, makara ba ta juyawa a lungun. Ina ambaton makara aka hau gunaguni. Wani akawu ya ce, “Subhanallahi, Malam, kada ka yi mana baki mana. Gidaje sababbi fil.” Wani ya tofar da yawu gefe. Alhaji ya juya wajen jami'in yana murmushin ban haƙuri, ya ce, “Ranka ya daɗe, a yi mana afuwa. Ana maganar ci gaba, shi yana kawo mana mutuwa. Ɗan mai wankan gawa ne, abin a jini yake.” Aka bushe da dariya.

Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne jami'in bai ƙi ba. Ya duba fom ɗinsa ya ce ba abin da ya hana, akwai gurbin sauran buƙatu, in mun zaɓa zai rubuta. Ba gwamnati ce ta hana mu ba. Mu ne muka ji kunyar baƙo mai farar mota ya san cewa muna mutuwa, kuma muna da yadda muke fitar da mamacinmu. A ganinmu wannan ƙauyanci ne, abin da muka baro a cikin birni tare da bangon laka. Aka ce masu son kwarmin Alhaji su ɗaga hannu. Ina tsaye ina duba hannaye don in rubuta, dariyar nan tana yi mini zafi a kunne, sai na tsinci hannuna a sama tare da nasu. Sista kaɗai ce ta bar nata a cinya. Ta dube ni sau ɗaya, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Da na koma gida Baba yana kan buzunsa. Na ce masa an rinjaye mu.

Ya ce, “Kai ka faɗa?”

Na ce, “Na faɗa, Baba.”

Ya ce, “Da aka zo ɗaga hannu fa?”

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “To, Allah ya sa ruwan ya amfani jama'a.”

Alhaji ya ba kansa kwangilar, abin da kowa ya sani tun kafin a zauna. Aka cinye filin tsakiya da kwarmin siminti, aka shafe shi da shuɗin fenti. Ran buɗewa famfo ya ƙi kawowa, sai tankar ruwa aka ɗauko ta cika kwarmin. Ruwa ya yi tsalle sama na yini guda, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, aka sha lemo. Daga ranar bai sake fesa ko ɗigo ba. Da rani awaki ke kwana a ciki, da damina kwaɗi da sauro. An dai yi kitso da ƙwarƙwata, mu kuma muna nuna wa baƙi da yatsa.

Baba ya sake yi mini maganar sau ɗaya kawai. Ya ce ya san wani magini a unguwar Kongo da zai yi aikin ba tare da surutu ba. Na ce ya ƙara haƙuri, na rubuta wasiƙa Kaduna ina jiran amsa. Na rubuta ɗin kuwa, da kyakkyawan rubutuna, har da kwafi. Amsar ce ba ta zo ba, ni kuma a raina ban ƙi jinkirin ba.

Ya rasu da hantsi, a daminar da ta biyo. Abokan aikinsa biyu suka zo daga birni, tsofaffi tukuf, suka wanke shi a ɗakinsa, suka yi masa sutura yadda shi ya koya musu. Aka ɗauko makara daga masallaci. Ta shiga ƙofa, ta kai inda lungun ya karye, ta tsaya. Aka ja da baya, aka karkata ta, aka ɗaga gindinta, ta kankare fenti ta ƙi. Aka duba taga, ga ƙarafa. Jama'a suna waje suna jira, hadari yana haɗuwa. Daga bakin ƙofa na ji muryar Alhaji yana cewa, “A miƙar da shi tsaye mana a wuto, ai ba ji yake yi ba.”

Haka aka yi, don ba wata hanya. Muka naɗe shi a tabarma muka ɗauko, da muka zo kwanar muka tsayar da shi a kan ƙafafunsa. Ni na rungume shi, ƙirjina a ƙirjinsa, ina ja da baya kamar mai fitar da katifa. Kansa ya bugi saman ƙofa, na ji ƙarar a cikin haƙorana. Ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya juya fuska ga bango yana kuka, yana cewa, “Shekara arba'in bai yi wa kowa haka ba.” Aka yi masa salla a gefen kwarmin, sahu ya rabe biyu saboda ba fili.

Washegarin sadakar bakwai na je Kongo na nemo maginin. Ya fara da safe, kafin la'asar ya fasa bango, ya daidaita, ya kafa ƙyaure. Da sandar Baba na gwada masa faɗin. Na zauna ina jiran takardar kora, mako ya wuce, wata ya wuce. Maƙwabta suka leƙo suka ce ai wannan dabara ce, kafin shekara ta zagayo rabin gidajen sun fasa tasu, har da na Alhaji. Na yi shekaru a gidan nan kafin in tashi, ba wanda ya taɓa zuwa daga Kaduna ko daga ko'ina ya tambaye ni wa ya ba ni izini.