Ranar da Mai Turare Ta Tsallaka

A lungunmu, can bayan Ƙofar Wambai, baƙo ba ya tambayar gidan mai turare, hancinsa ne ke kai shi. Kakanninta daga Barno suka zo tun kafin a haifi kakata, ita kuma ta gaji haɗin humra da turaren wuta a hannun uwarta. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, ƙawata, wadda muka yi wasan ƙasa tare. Ita Yayana zai aura. An kai lefe, an sa rana bayan Babbar Sallah.

Ni a lokacin littattafan soyayya sun gama cinye min kai. Ina hayo su a wani tebur a bakin kasuwa, in ɓoye a cikin hijabi, in karanta har tuwo ya kama. Duk saurayin da aka siffanta da dogon hanci da saje, Yaya nake gani. Duk budurwa mai fararen idanu, ƙawata ce. Na kuma san yadda labari ke tafiya: dole a sami tangarɗa a tsakiya, a sha kuka, saurayi ya dafa ƙirji a gaban dangi ya ce ko ita ko kabari, sannan a ɗaura aure a shafin ƙarshe. Har haushi nake ji yadda nasu ke tafiya sumul.

Da damina zazzaɓi ya kama autar Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda gidanta ke jikin na mai turare. Yarinyar ba ta kai shekara goma ba, kuma kullum tana can tana kallon yadda ake soya itacen turare da sukari. An kai ta asibiti, aka rubuta allurai, wata ma'aikaciya tana zuwa gida tana yi mata. Duk da haka jikin ya yi zafi rau, ta fara sambatu. Ina ɗakin, tare da mata masu dubiya, lokacin da ta ce, "Hajiya mai turare, rage garwashin, zafi."

Wata maƙwabciya ta dafa ƙirji ta ce, "Innalillahi! Gasa kurwar take yi."

A wurinmu haka aka ɗauka: mayya tana kama kurwar mutum ta ɓoye, shi kuma ya yi ta ramewa, kuma in ciwo ya yi tsanani bakinsa zai kama sunanta. Aka kuma ce maita a nono ake shanta, in uwa tana da ita to 'ya ma ta sha.

Kafin la'asar kowa a lungun ya tuno wani abu. Wannan ta ce ranar da mai turare ta yaba jaririnta ba ta ce tubarkalla ba, washegari ya ƙi kama nono. Waccan ta ce ta taɓa ganin baƙar mage a kan katangarta. Har mutuwar mijinta aka tono. Matan da suka yi layi a tsakar gidanta lokacin aurensu suka fito da kwalaben humra suka tuttular a kwata. Kwana da kwanaki kwatar lungunmu tana ƙamshin ɗakin amarya. In ta fito za ta kasuwa, yara su bi ta suna tofar da yawu suna cewa, "Kurwata kur! Ki ci kanki, ki sha baƙin ruwa!" Iyayensu na tsaye a bakin ƙofa ba mai tsawatarwa.

Rannan Gwaggo ta ja Ummanmu suka shiga gidan mai turare, na bi su. Mun same ta tana tankaɗe garin sandal, ƙawata na gefenta.

"Hajiya, ba faɗa ya kawo mu ba," in ji Gwaggo. "Ki zo ki tsallake min 'yata, ki kuskure baki ki ba ta ruwan ta sha. Shi ke nan."

Abin da ake sa wadda ake zargi ke nan, wai ta haka take sakin kurwar da ta kama.

Mai turare ta ajiye rariyar. "Ni? Ni da na yi miki gyaran jiki da hannuna ranar da za a kai ki ɗakin miji?"

"Ai shi ya sa na zo da kaina ban aiko ba."

"In na ƙi fa?"

"In kin ƙi, kin riƙe ke nan. Mai gaskiya me zai hana ta ɗaga ƙafa?"

Umma ta sassauta murya ta ce, "Yaya Hajiya, ki yi don yaran nan. Ki tsallaka a rufe bakin mutane, biki ya tafi yadda aka tsara."

Ƙawata ta riƙe zanen uwarta. "Iya, kar ki je. Wallahi kar ki je."

Uwar ta dube ta ta ce, "Ɗauko min mayafina."

Ba a bar ta da mayafin ba. A tsakar gidan Gwaggo aka shimfiɗa yarinyar a tabarma, mata sun cika gidan har soro, wasu sun leƙo ta kan katanga. Aka ce ta cire mayafi da ɗankwali, kada ta ɓoye wani abu a ciki. Ranar na fara ganin kanta, furfura fat, kitson ya tsufa. Tana da ciwon gwiwa, sai da ta tattare zane ta dafa bango kafin ta iya ɗaga ƙafar. Wata ta ce, "Ka ga tsohuwar kura, wai ita ce ba ta iya tsalle." Aka yi dariya. Da mai turare ta kuskure baki ta zuba a kofi, Gwaggo ta karɓa da gefen zane don kada fatarsu ta haɗu.

Ni kuwa ina tsaye ina ce wa zuciyata ga tangarɗar nan ta zo, saura Yaya ya shigo ya ratsa matan nan ya yafa mata mayafinta. Yana kasuwa a rumfarsu ta yadi, kuma labari ya kai masa tun hantsi.

Bayan kwana biyu zazzaɓin ya sauka, daidai lokacin da allurai suka ƙare. Yarinyar ta tashi ta nemi koko. Na ruga gidan mai turare da murnata na ce, "Hajiya, ta warke!" Ta ɗago ta dube ni, ba ta ce alhamdulillahi ba. Ta ce, "To, sun gama da ni." Sai a lokacin na gane abin da ita ta sani tun kafin ta ɗauki mayafi. Da yarinyar ta mutu, a ce ta ƙi saki. Da ta warke, ga shaida kowa ya gani da idonsa. A lungu har barka ake yi wa Gwaggo, ana cewa Allah ya sa an kama ta da wuri.

Maganar aure ba a ko yi doguwar shawara ba. Gwaggo ta ce ba za a kawo musu nonon maita cikin zuri'a ba, mahaifinmu ya bar mata maganar, Umma ta yi kuka ta share hawayenta. Ranar da za a karɓo lefe aka ce in zo in kama akwati. Na tafi ina jiran abin da zai faru, don har lokacin ban fid da rai ba. A lissafina Yaya bai sani ba, ko kuma an kulle shi ne, ko yana hanya.

Ƙawata ce ta fito da akwatunan da kanta, ta jera su a soro. Idonta a bushe. Atamfa ɗaya an riga an ɗinka, ta ninke ta ta ɗora a sama. Gwaggo ta ɗage ta da tsinken tsintsiya ta yar a ƙasa.

"Wannan ta taɓa jiki. Ku riƙe, sadaka."

Ƙawata ba ta kalli atamfar ba. Ni ta kalla, amma Gwaggo ta tambaya.

"Gwaggo, shi ya aiko ku, ko ku kuka aiko kanku?"

"Leƙa ki gani, 'yar nan. Wa kike tsammani ya hayo motar?"

Muka leƙa tare. A bakin lungu, inda mota ke iya tsayawa, ga Yaya a tsaye ya buɗe bayan motar, yana goge ciki da tsumma don kada akwatunan su yi datti.