Garin Kuka a Lagireto

Duk faɗin Gaya babu mai kunnen mota irina. Mota ta yi tari a Wudil, ina zaune a ƙofar gida zan gaya maka ciwonta. Haka nake faɗa a majalisa, kuma har bara da ƙarfi nake faɗa.

Motar da nake taƙama da ita gadon Baba ce, ta girmi aurena nesa ba kusa ba. Lagiretonta ya tsufa ya koma rariya, ruwan da take sha a wuni ya ishi garken shanu. Da na gaji na je kasuwar Ƙofar Ruwa na samo wani na hannu, ɗan Beljiyam, tsaf da shi. Bakaniken unguwarmu ya ce in kawo ya ɗaura. Na ce muddin ina numfashi ba mai taɓa motar Baba.

Ranar Laraba da hantsi na shimfiɗa buhu, na kwance tiyo biyu, na cire tsohon na zaunar da sabon. Sai na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zuba wa motar nan ruwa ba sai ya bi shi da garin kuka, don yauƙin ya toshe yoyo. Ban tsaya na tambayi kaina wane yoyo ne a sabon lagireto ba. Baba cokali biyu yake sawa. Ni na juye gwangwani guda, wai riga-kafi.

Washegari bayan asuba aka bugo daga Gafasa: Kawu, yayan Inna, ya rasu, jana'iza ƙarfe goma. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Inna ba ta yi kuka ba, mayafi ta ɗauka ta ce a raka ta tasha, so take ta ga fuskarsa kafin a fita da shi.

Na ce, "Haba Inna, wace tasha kuma? Ga mota ta koma amarya! Kafin a gama ɗinkin likkafani mun isa."

Ko Ajingi ba mu kai ba allurar zafi ta haye ja, tururi ya rufe gilashi. Na gangara gefen wata gonar gyaɗa, na buɗe murfin da tsumma, wani abu kore mai yauƙi ya yi tsartuwa har gemuna. Kukar ta dahu ta toshe komai. Motocin da ke wucewa kuwa duk a cike, ba mai ko rage gudu.

Sau uku ɗan Kawu yana kira. A na ukun ya ce, "Yaya, rana ta yi, liman ya ce ba a ajiye gawa haka."

Inna ta miƙo hannu ta karɓi wayar. "Ku kai shi. Kada ku tsare shi saboda ni."

Nan muka bar motar, a bayan wata a-kori-kura mai ɗaukar buhuna muka ƙarasa. Muna shiga gari maza na dawowa daga maƙabarta, ƙasa a ƙafafunsu. Inna ta wuce ɗakin Kawu, ta zauna a gefen tabarmarsa, ba ta dube ni ba.

Bayan addu'ar uku na durƙusa a bakin ƙofa na ce an wanke lagireton, in ta shirya sai mu koma. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ɗago.

"Da ƙafa nake zuwa wurin yayana tun ina amarya, ban taɓa makara ba. Sai da Allah ya ba ni ɗa bakanike."