Rubutun da Ya Ƙi Wankuwa

Shekarar da soji suka sake karɓe mulki, damina ba ta tsinana mana komai ba. Rijiyar garkarmu, lambunmu na Dabaga, ta ƙafe, albasa ta ƙone a tsaye, dole muka ɗauko Inna muka dawo da ita Agadez. Tari take yi, ƙafafunta sun kumbura. Lokotoro ya duba ta, ya ba da ƙwayoyi, sannan ya ja ni gefe ya ce mu lallaɓa ta kawai. Na gane abin da yake nufi.

A lokacin ina aiki a ɗan shagon buga takardu na yayana, kusa da tasha. Shi ya sayi ordinatar, wato kwamfuta, shi ya kawo wani faifai mai ɗauke da ayoyi da hadisai da tafsiri, ki buga kalma ɗaya su fito miki a jere. Tun da 'yan siyasa suka yi tsit, gari ya koma na masu wa'azi, kuma kowanne yana son hujjarsa a buge. Yaya ya koya mini aikin da sharuɗɗansa. Kada in ɗauki rabin aya, in kwafo ta daga farko har ƙarshe. Kada in sake bugawa da yatsuna, domin yatsa yana kuskure, na'ura ba ta yi. In taɓa ɗan akwatin da ke sa sunan sura da lambar aya su biyo da kansu. In hadisi ne, a ga littafi, a ga babi, a ga ko ingantacce ne. Gaskiya shawarwari ne masu kyau, har yau da su nake aiki. Abin da ya hana ni ganin kyawunsu shi ne mutumin da ya ba ni su.

Inna abu ɗaya take so: rubutun sha. Tun tana yarinya, in ciwo ya kama ta, malami yake rubuta ayoyi a allo, a wanke, ta sha. Malamin nata kuwa fari ya kore shi kudu da iyalinsa. Ni ba zan iya ba, lakwal kawai na yi, makarantar boko, in na riƙe alƙalamin kara sai ka ce kaza ta yi tono. Amma Yaya ya yi allo kafin lakwal, kuma duk unguwarmu babu mai kyawun hannunsa. Inna da kanta take dafa masa tawada da ƙaro yana ƙarami.

Ta kira shi, ta ce, “Ɗan nan, ka rubuta mini ko layi biyu ne in sha.”

Ya durƙusa, ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, wannan ba shi da asali. Na bincika, ban samu ba.”

“A ina ka bincika?”

“A cikin ordinatar.”

Inna ta juya fuskarta bango. Da muka fito zaure na ce masa ai akwai malaman da suka halatta, na gani da idona a faifan nan nasa. Ya ce maganarsu mai rauni ce, ya faɗo mini lambar shafi. Na ce, “Yaya, mutuwa fa take yi.” Ya ce shi ya sa ba zai bari ta tafi da shubuha ba. Ban taɓa jin haushin mutum kamar na ranar ba. Da a ce mugu ne da ya fi mini sauƙi, amma shi ne mai sayen maganinta, shi ne mai kawo hatsi a lokacin da tiyar awo guda ta gagari mutane.

Washegari ya sa na buga ayoyin neman waraka, kowace da surarta da lambarta, ya ce in riƙa karanta mata ina tofawa, wannan kam akwai hujja. Na kai gida. Inna ta karɓi takardar, ta shafa ta, fuskarta ta washe.

“Shi ya aiko?”

Na ce shi ne.

“To kawo ƙwarya.”

Na tashi na ɗauko ƙwaryar. Ruwa a lokacin sai an yi layi da bido, wato jarka, a bakin famfo, amma na tsiyayo mata mai kyau. Ta sa takardar a ciki, ta nuna ƙasan layi da yatsa, ta ce, “Waɗannan 'yan ƙananan lambobin, su ma a sha?” Na ce ba za su cutar ba.

Ta murza. Ta jira. Ta sake murzawa har takardar ta fara dagargajewa. Tawadar injin ba irin ta allo ba ce, da zafi ake manna ta, ba ta sakin takarda. Baƙaƙen suna nan daram a jikin ɓarɓashin, ruwan kuwa fari tas kamar yadda na zubo shi. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Inna ba ta karatu, amma ta san launin rubutu.

Ta yi bismillah ta shanye. Ta miƙo mini ƙwaryar, ta ce, “Ki ce masa na sha, Allah ya yi masa albarka. Kada ki gaya masa bai wanku ba, zai ji ba daɗi.”

Ba ta kai sabon wata ba. Na cika mata alkawari rabi: na isar da albarkar, ban ce komai game da ruwan ba. Amma cewa ta wanke takardar ta sha, wannan ban gaya masa ba, don haka har yau yana gaya wa abokansa cewa mahaifiyarsa ta bar shan rubutu kafin ta rasu, kuma shi ne sanadi. In yana faɗa ina wurin, tashi nake yi in fita.