Ƙayar Dakta

Yayana ya girme ni sosai, har baƙi kan ɗauka shi ne ubana. Lokacin da mahaifinmu ya rasu ina rarrafe, shi kuwa ya riga ya shiga sakandare, kuma daga shi sai ni a wurin Inna. A gida Ganye ake ce masa, domin tun yana ƙarami ba ya dawowa daga ko'ina aljihunsa wayam. Inna ta sha wanke masa riga ta tarar da saiwoyi da ƙwayoyin iri sun jiƙe sun ɓata ta. Takan ce, "Wannan yaro, in ka aike shi sayen gishiri sai ya dawo maka da jeji."

Ya yi karatu mai zurfi a kan tsirrai, har ƙasar waje, da ya dawo aka ɗauke shi aiki a cibiyar binciken tsirrai da ke bakin garinmu. Daga nan sunan Ganye ya ɓace, kowa sai Dakta. Ni dai Yaya nake ce masa har ya bar duniya.

Ofishinsa ɗaki ne dogo mai taga ɗaya, jere da kabad-kabad na ƙarfe. A cikinsu yake ajiye ganyaye da ciyayin da ya danne a tsakanin tsofaffin jaridu har suka bushe, ya manna kowanne a farin kwali, ya rubuta inda ya tsinko shi. Ɗakin kullum warin maganin ƙwari yake, kuma warin ya kama tufafinsa. Matarsa, wadda nake kira Anti, takan ce ba ta taɓa tsoron asu ya ci mata zane ba tunda ta aure shi.

A shekarun nan rairayi ya dami garinmu. Iska na kwaso shi tana zubawa a gonaki, gidajen ƙarshen gari kuwa har katangunsu sun fara nutsewa. Cibiya ta ɗora wa Yaya nemo itacen da zai tsaya a gaban rairayin. Ya gwada namu na gida iri-iri, fari ya bi su ya kashe. Sai wani abokin karatunsa ya aiko masa da irin wata bishiya mai ƙaya daga wata ƙasa mai nisa, ya ce a wurinsu ko a kan tsakuwa tsirowa take.

Da farko irin ya ƙi fita. Ƙwayar tauri gare ta kamar tsakuwa. Ya jiƙa ta a ruwan zafi, ya kankare ta da reza, ɗaya-ɗaya ke tsirowa a cikin baƙaƙen ledojin da ya jera a rumfar reno. Waɗanda suka fita ya dasa su a bayan cibiya, suka girma, suka yi 'ya'ya dogaye masu zaƙi. Wata rana akuyar mai gadi ta shiga ta ci 'ya'yan, bayan an yi ruwa sai ga tsiro cunkus duk inda ta yi kashi.

Ba zan manta ranar ba. A lokacin na yi aure, mijina mai kiwo ne, yana da awaki da tumaki da ɗan lambu a bakin fadama. Yaya ya shigo gidanmu da rana tsaka, hannunsa riƙe da kashin akuya a cikin hankici, yana dariya kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa.

Ya ce wa mijina, "Ƙanena, ka ga ikon Allah? Cikin akuya shi ne maganin ƙwayar nan. Dabbobinku su ƙoshi, su kuma shuka mana. Ba sai mun ɗauki ko lebura ɗaya ba."

Mijina ya yi dariya ya ce, "To Dakta, sai a sa awakina a layin masu albashi."

Shi da kansa ya karɓi buhun 'ya'yan itacen ya zuba wa dabbobinsa, ya kuma dasa bishiyar ta zame masa shingen lambu.

Gaskiya ɗaya ce, bishiyar ta yi aikin da aka kawo ta ta yi. Rairayi ya tsaya. Bakin gari da ke fari fat ya koma kore ko da rani. Mata suka samu itacen girki a kusa. Aka kira Yaya babban birni aka ba shi lambar yabo, aka sa hotonsa a jarida. Inna ta yanke hoton ta liƙa a bangon ɗakinta, ta rasu tana alfahari da shi, kuma ina gode wa Allah da ya ɗauke ta a lokacin. Mutane suka raɗa wa bishiyar suna ƙayar Dakta, a wancan lokacin yabo ne.

Abin bai lalace a rana ɗaya ba. Da farko masu keke ne suka fara ƙorafin faci, ana dariya. Sai manoma suka ga ta bar inda aka dasa ta ta shigo gonaki. In ka sare ta, kututturen ya fito da rassa biyar ko shida a madadin ɗaya. Ƙarƙashinta ko ciyawa ba ta fita. Saiwarta kan nutsa ƙasa fiye da tunanin mutum, rijiyoyin lambu suka yi ta ja da baya har suka ƙafe. Hanyar da dabbobi ke bi zuwa mashaya ta toshe. Sauro ya samu gidan zama.

Sannan ta taɓa dabbobin. Waɗanda suka daɗe suna cin 'ya'yanta haƙoransu suka ruɓe, muƙamuƙinsu ya karkace, harshe ya zazzago. Ka ga akuya tsaye a gaban abinci tana kallo, yawu na zuba, har yunwa ta kashe ta. Garken mijina haka ya yi ta zubewa.

Wata safiya ya saɓa wata uwar garke a kafaɗa ya nufi cibiya. Na bi shi ina ba shi haƙuri, ko juyowa bai yi ba. Ya tura ƙofar ofishin Yaya, ya dire akuyar a kan tebur, a kan takardu da komai.

Ya ce, "Dakta, ga ma'aikaciyarka na kawo maka. Ta gama aiki, sai ka sallame ta."

Yaya ya miƙe. Ya cire tabarau, ya buɗe bakin akuyar, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Mijina ya ce, "Tun yaushe? Ka fito daga ɗakin nan ka zaga gari mana. Ko sai an manna maka mu a kwali za ka gan mu?"

Na ce, "Haba maigida, yayana ne fa."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa akuya na ɗora masa a tebur, ba wani abu ba."

Daga ranar Yaya ya juya bincikensa kacokan zuwa yadda za a kashe abin da ya shuka. Ya bi ƙauyuka yana auna yadda take yaɗuwa, yana buɗe bakin dabbobi, yana leƙa rijiyoyi. Ya haɗa bayani ya kai wa shugaban cibiya, ya nemi a hana dasa ta, a kuma sanar da mutane. Anti ta gaya mini amsar da aka ba shi. Shugaban ya ce, "Dakta, wannan bishiya ita ce abin da aka san cibiyar nan da shi. Kana so mu fito mu ce mun yi kuskure? Wanda ya dubo mu daga jirgin sama kore yake gani." Aka ce za a kafa kwamiti. Ana cikin jiran kwamitin, wasu garuruwa suka yi ta aiko motoci suna ɗibar dashe.

A cikin wannan hali ne mijina ya shiga lambunsa da adda zai buɗe hanya zuwa rijiya. Wani reshe da ya sara ya dawo ya make shi a fuska, ƙaya ta shige masa ido. Ƙayar nan dafi gare ta, ko a ƙafa ta soke ka sai wurin ya kumbura ya yi ruwa. Kafin mu isa babban asibiti idon ya lalace, likita ya ce sai an cire.

Yaya ya zo dubiya. Ya tsaya daga bakin gado ya ce, "Sannu ƙanena." Mijina ya juya fuskarsa bango. Yaya ya daɗe a tsaye, ya ajiye ledar lemon da ya kawo, ya fita. Na bi shi baranda, na tarar ya dafa ginshiƙi.

Ya ce, "Auta, na auna tsawonta, na auna saurin girmanta, na auna ruwan da take buƙata. Ban taɓa tambayar me zai tsayar da ita ba. A ƙasarsu akwai ƙwarin da ke cin ƙwayarta. Na kawo ta na baro su."

Ina son yayana, amma mijina na kwance da bandeji a rabin fuska. Na koma ciki.

Shekaru suka shuɗe ba ya shiga gidana, ni ma sai a sace nake zuwa nasa. A gari sunan bishiyar bai canja ba, sai dai yadda ake faɗinsa. In ya shiga kasuwa akan bi shi da shi. 'Ya'yansa da suka girma duk suka nemi aiki a nesa.

Da ya yi ritaya bai zauna ba. Ya roƙi cibiya ta bar masa wani fili da ƙayar ta cinye, ya sayi gatari da diga. Ya gano cewa in aka tone kututturen aka sare shi a ƙarƙashin ƙasa, aka ƙona ramin, ba ya sake tohowa. Hanyar tana aiki, sai dai bishiya ɗaya kan ci wa mutum yini guda, ga ƙwayoyinta jibge a cikin ƙasa suna jiran ruwa. Anti ta ce masa, "Malam, kai kaɗai da diga, ita kuwa tana da awakin ƙasar nan duka." Ya ce ya sani. Kullum da safe ya fita, ya dawo hannuwa duk tsaga.

Da damina ciyawa ta fito a filin da ya share. Ya kwaso tsofaffin kwalayensa na ciyayin da ya tsinka a wurin tun yana saurayi, ya durƙusa yana gwadawa. Kaɗan ne suka dawo. Sauran ya neme su har ya gaji, babu su sai a kwali.

A filin nan ya faɗi, da rana tsaka. Masu ƙona gawayi ne suka tsince shi, domin a lokacin wasu sun mai da ƙayar abin sana'a, har suna jin haushinsa yana tone musu kututture. Su suka ɗauko shi a amalanke. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke.

Sai a sannan mijina ya taka gidan. Ban roƙe shi ba. Na shirya zan tafi kawai na ga ya sa takalmi. Ya shiga ɗakin ya zauna a gefen katifa, suka kalli juna, mai ido ɗaya da marar baki. Gemun Yaya ya yi buzu-buzu domin Anti na tsoron reza. Mijina ya ce a kawo ruwan ɗumi da sabulu. Ya tallafo kansa ya yi masa aski a hankali, ya goge masa fuska. Da ya gama ya ce, "Ni ma da hannuna na dasa ta, Dakta." Hawaye ya gangaro wa Yaya ta ido ɗaya. Daga nan duk mako sai ya je ya yi masa askin, ba su kuma sake tayar da maganar ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwar Yaya, Anti ta koma wurin babban ɗansu. Mu ma ba mu daɗe ba muka bar lambun, domin babu sauran abin nomawa, muka kama haya a cikin gari. Mijina yanzu gadi yake yi a wani kantin kayan gini, ni kuma ina ɗinki. Filin da Yaya ya share bara na wuce ta wurin a mota, ban iya gane inda yake ba.