Adjara da Rubutun Hannun Mubarika

Adjara 'yar Zangon Kumasi ce, kuma tun tana yarinya ba ta sayen abu a rufe. Ko kenke, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, uwarta ta aike ta saye, sai ta ɓare ganyen ta leƙa kafin ta karɓa. Da wannan hali ta girma, ta yi aure, mijin ya rasu, ta bar 'ya'yanta wurin ƙanwarta ta taho Doha neman na kanta. Wani shagon gyaran mata a unguwar Bin Mahmud ya ɗauke ta aikin kitso da lalle. Matan Sudan da na Najeriya sun san hannunta, har amare kan jira ta ko da akwai wasu zaune ba aiki. Amma a shagon an fi saninta da bincike. In aka kawo sabon man gashi, sai ta shafa a bayan hannunta ta kwana da shi kafin ta sa wa kowa.

Ɗaki ɗaya suke kwana da Mubarika, wata matashiya daga unguwar Nima ta Akara, mai wankin kai a shagon. Kafin nan Mubarika aikin gida take yi wa wani kafil, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanta a ƙasar. A kicin ɗin gidan tukunyar gas ta kama, wuta ta cinye mata hannun hagu daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ta warke, amma fatar ta tattare, ta yi fari-fari. Ko a zafin Agusta ba ta sa riga mai gajeren hannu.

Wata ranar hutu Mubarika ta miƙa wa Adjara wayarta. A fuskar wayar akwai wani rubutu mai layi a sama, haruffa na rataye a jikinsa kamar shanya.

"Anti, ki zana mini wannan da lalle a kan tabon. Ina so in ga yadda zai zauna."

"Yadda zai zauna kafin me?"

Mubarika ta ce in ta je gida hutu za ta sa a yi mata tatu, na allura, wanda ba ya goguwa.

Adjara ta ajiye wayar a kan katifa. "Kin san hukuncinsa."

"Na sani, Anti."

"To wannan wane yare ne, kuma me aka ce?"

Mubarika ta ce Sanskirit ne, tsohon yaren Indiyawa. Maganar tata ce, tun tana kwance a asibiti take faɗa wa kanta: wuta ba ta cinye ni ba. Da Larabci ba zai yiwu ba, don ba ta son shiga banɗaki da haruffan Alƙur'ani a jikinta. Da Turanci ko Hausa kuwa duk wanda ta wanke wa kai zai karanta ya yi tambaya. Kabita, 'yar Nepal mai gyaran farce a shagon, ita ta tura wa kawunta can gida ya fassara.

"Kawun nata me yake yi?"

"Malami ne."

"Malamin me?"

"A ɗakin bautarsu."

Adjara ta tura hoton zuwa tata wayar. Dama ta daɗe tana lura da Kabita. Yarinyar na da fara'a, sai dai tana ɗaure jan zare a hannu, kuma kwanan baya ta kawo wa Mubarika wani mai a ƙaramar kwalba wai na tabo ne. Adjara ta taɓa shinshina man. Yanzu ga rubutu daga hannun malamin tsafi.

Washegari ta fara nuna wa mai kantin ƙasan gidansu, wani Ba'indiye. Ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce shi ɗan jihar Kerala ne, rubutunsu daban. Ta fita tana tunanin ko ya gane ya ƙi faɗa. Daga nan ta tsaya wurin maigadin ginin, wani dattijon Nepal. Shi kam ya karanta, a hankali, yana bin haruffan da yatsa. Ya ce ba ya jin yaren sosai, amma kalmar farko ya san ta. Ya faɗe ta, "Agni", sannan ya taɓa goshinsa.

"Me ya sa ka taɓa goshi?"

Da guntun Larabcinsa da nata ya fahimtar da ita cewa Agni sunan abin bautarsu ne, mai wuta.

Adjara ta isa shago, ta jira mai shagon ta fita banki, ta ja Mubarika da Kabita zuwa ɗakin wankin kai ta tura ƙofa.

"Ke Kabita, me yarinyar nan ta yi miki? Sunan gunki za ki sa ta ɗauka a jikinta har kabari?"

Mubarika ta dafe ƙirji. Kabita ta yi ta rantsuwa cewa kalmar wuta ce kawai, da ita ake cewa wutar girki ma. Da ta ga Adjara ba ta da niyyar yarda, sai ta kira kawun a bidiyo. Wani tsoho ne siriri, zaune a bakin gona, kaji na kuka a bayansa. Kabita na tambaya tana fassarawa. Tsohon ya ce gaskiya ne, kalmar wuta ce, kuma sunan abin bautar ne, a wurinsu ba a raba su. Adjara ta ce to ya kawo wata kalmar. Ya lissafo wasu, ya ce amma duk ana kiransa da su. Ya ƙara da cewa ba wanda ya gaya masa mai son rubutun Musulma ce, kuma ba a ce masa a fata za a rubuta ba.

Kabita ta fashe da kuka, ta ce wallahi ba ta yi tunanin haka ba. Adjara ta dube ta ta ce, "Khalas, ya wuce," amma a ranta ba ta yanke ko mantuwa ce ko gangan ba. Har yau ba ta yanke ba.

Mubarika ce ta karɓi wayar. Ta ce a tambaye shi yadda ake cewa "ina raye", ba wuta a ciki, ba sunan kowa. Tsohon ya ce kalma ɗaya ce, ya rubuta a allo ya nuna. Adjara ta ɗauki hoton allon ta kai wa maigadi, ya karanta ba tare da ya taɓa goshi ba. Hakan bai ishe ta ba. Ta ba Firdaus, wata ɗalibar jami'a 'yar Zariya da ke zuwa kitso, ta tambayi wata malamarsu Ba'indiya. Amsa ta dawo daidai. Sai a lokacin ta kwaɓa lalle.

Ta zana kalmar a kan tabon da hannunta, tana yi tana faɗa. Ta ce lalle ado ne, yana tafiya, ruwan alwala na ratsa shi. Allura kuwa ba da yawunta ba, kuma in Mubarika ta yi, ita za ta fara kiran uwarta a Nima. Mubarika ta tsura wa hannunta ido. Ranar ta yi aiki da hannun riga a naɗe.

Tun daga nan duk lokacin da zanen ya dusashe Adjara ke sabunta shi. Sun koma gaisawa da Kabita, ko da yake kwalbar man nan Adjara ta zubar da ita a kwata. Mubarika ta daina maganar tatu gaba ɗaya, abin da ya fi damun Adjara ke nan. Hutun yarinyar na ƙaratowa, kuma kwanan nan ta sa wa wayarta lambar sirri.